Alan Page: Daga Fagen Ƙwallo Zuwa Kujerar Alƙalanci

A cikin watan Oktoba na 1978 ne ƙungiyar ƙwallo ta Minnesota Vikings, a ƙasar Amurka, ta sallami ɗan wasanta Alan Page, bayan ya yi mata aiki shekara goma sha ɗaya da 'yan kai ba tare da ya yi fashin wasa ko sau ɗaya ba. Laifinsa shi ne wai ya rame. Nan da nan ƙungiyar Bears ta birnin Chicago ta ɗauke shi a kan dala 100 kacal, watau kuɗin ƙa'ida da akan biya idan za a ɗauki wanda wata ƙungiya ta sallama. Shekara goma sha huɗu bayan haka, mutanen Jihar Minnesota ɗin nan suka jefa masa ƙuri'a ya zama alƙali a Kotun Ƙoli ta jiharsu, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya taɓa hawa wannan kujera.

Kafin a shiga labarinsa ya kamata mai karatu ya san irin wasan da ake magana a kai, don kuwa ba tamaular da aka saba da ita a Nijeriya ba ce. Ƙwallon nasu mai tsawo ne kamar gwanda, kuma da hannu ake ɗaukarsa a ruga ko a jefa. Kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya ne, sanye da hular kwano da kayan kare kafaɗa. Ana ba masu kai hari dama sau huɗu su ci yadi goma, in sun kasa sai ƙwallo ya koma hannun abokan karawarsu. A sahun gaba na masu tsaron gida akwai ƙarti waɗanda ke durƙusawa fuska da fuska da ƙartin wancan gefe, da zarar an motsa ƙwallo sai a gwabza kamar 'yan kokawa. Burinsu shi ne su keta sahun, su kai madugun masu jefa ƙwallo ƙasa tun bai jefa ba. Aiki ne na shan wuya, yabonsa kuwa kaɗan ne. To, a tsakiyar wannan sahu Page ya yi shekara goma sha biyar.

An haife shi ran 7 ga watan Agusta 1945 a Canton ta Jihar Ohio, garin masana'antun ƙarfe. Yana da shekara takwas Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukuncin nan na 1954 wanda ya haramta raba makarantun gwamnati tsakanin 'ya'yan Turawa da na baƙar fata, kuma ya sha faɗa cewa tun daga wannan lokaci ne aikin shari'a ya shiga ransa. Wani abin mamaki kuma, yana saurayi ya yi aikin lebura tare da maginan da suka gina babban ɗakin tunawa da gwanayen wannan wasa a garin nasu, ɗakin da aka buɗe a 1963. Daga nan ya shiga Jami'ar Notre Dame, inda ƙungiyarsu ta zama zakara a tsakanin jami'o'in ƙasar a 1966, shi kuma ya sami digiri a fannin kimiyyar siyasa a 1967. A wannan shekara Vikings suka ɗauke shi.

Page ba ya cikin ƙartin da suka fi kowa nauyi. Abin da Allah ya ba shi shi ne zafin nama da saurin gane inda aka dosa, har yakan wuce mai tare shi kafin wancan ya miƙe sosai. Shi da Carl Eller da Jim Marshall da Gary Larsen ne suka haɗa sahun da 'yan kallo suka yi wa laƙabi da dodanni masu cin mutane, masu shunayyar riga. A 1971 aka zaɓe shi gwarzon shekara a dukan ƙungiyoyin NFL, abin da ba a taɓa yi wa mai tsaron gida ba kafinsa, kuma bayansa mutum ɗaya ne kaɗai ya sake samun haka, watau Lawrence Taylor a 1986. Sau huɗu suka kai ga wasan ƙarshe na cin kofi, wanda suke kira Super Bowl, a 1970 da 1974 da 1975 da 1977, sau huɗun kuwa aka doke su.

Amma duk da wannan ɗaukaka, Page bai taɓa ɗaukar ƙwallo a matsayin wani abu da ya wuce sana'a mai ƙarewa ba, kuma bai yarda a riƙa juya shi kamar waina ba. Ya zama wakilin 'yan wasa a ƙungiyar ƙwadagonsu, ya shiga yajin aikin 1974, yana kuma cikin waɗanda suka kai hukumar NFL ƙara a kan wata ƙa'ida da ta kusan ɗaure ɗan wasa a ƙungiya ɗaya ko da kwangilarsa ta ƙare. A ƙarshen 1975 wata kotun tarayya a Minneapolis ta ce ƙa'idar ta saɓa wa doka. Yana cikin wasa kuma ya shiga makarantar koyon aikin lauya ta Jami'ar Minnesota, safe aji, rana fili, dare littafi, har ya gama a 1978.

Abin da ya ƙara masa ƙarfin gwiwa a kan ilmi, kamar yadda ya sha ba da labari, shi ne wata rana da mai koyar da su ya sa 'yan sahunsu su karanta littafin dabarun wasa a bayyane, ɗaya bayan ɗaya. Sai ga shi waɗansu daga cikin abokan aikinsa, manyan mutane da suka ratsa jami'a, suna in'ina a kan kalmomi masu sauƙi. Makarantu sun ci moriyar ƙarfin jikinsu, sun sake su ba karatu. Wanda ya ga irin wannan da idonsa ba ya bukatar a yi masa wa'azi.

Batun ramar kuwa ga yadda ya faru. Page ya tsiri gudun dogon zango tare da matarsa Diane, nauyinsa ya sauka zuwa wajen kilo 100, wanda a wurin masu irin aikinsa ƙaranci ne ƙwarai. Mai koyar da Vikings, Bud Grant, ya ga cewa ƙarfinsa ya ragu, Page kuwa ya tsaya a kan cewa jikinsa nasa ne. Aka rabu ba daɗi. Sai dai a Chicago ya ci gaba da kayar da madugai har ƙarshen 1981, ya ajiye wasa da tarihin wasanni 218 a jere. A 1979 ma ya gama tseren gudun fanfalaki na kilomita 42, shi ne ɗan wasan NFL na farko da ya yi haka yana kan aiki.

Da ya tuɓe hular kwano sai ya rungumi aikin lauya, da farko a wani kamfanin lauyoyi a Minneapolis, daga 1985 kuma a ofishin babban lauyan gwamnatin jiha. A 1988 aka shigar da sunansa cikin ɗakin gwanayen nan na Canton wanda ya taɓa yi wa lebura. Jama'a sun taru suna jiran labarin bajintar fili, shi kuwa sai ya karkata jawabinsa ga ilmin yara, musamman 'ya'yan baƙar fata da ake ruɗa da mafarkin wasa. A shekarar ne shi da Diane suka kafa gidauniyar Page, wadda ke ba ɗaliban Minnesota waɗanda ba farar fata ba tallafin karatu mai zurfi, bisa sharaɗin kowanne zai koma ya riƙa taimaka wa yara ƙanana da karatunsu. Dubban ɗalibai sun ci gajiyarta.

Kujerar alƙalancin ma ba a ruwan sanyi ya same ta ba. A dokar Minnesota zaɓen alƙalai ake yi, amma bisa al'ada gwamna ne ke naɗa mutum idan gurbi ya samu, daga baya jama'a su tabbatar da shi, saboda haka wanda ba ya cikin na hannun daman masu mulki yakan daɗe yana jira a bakin ƙofa. A 1992, da Page ya nemi tsayawa, sai Gwamna Arne Carlson ya ƙara wa alƙalin da ke kan kujerar wa'adi, abin da zai sa zaɓen ya sha ruwa. Page ya kai ƙara, kotu ta soke ƙarin wa'adin, aka yi zaɓe, ya lashe da fiye da kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'u. Masu cewa sunan ƙwallo ne ya kai shi ba su rasa hujja ba a karon farko, amma an sake zaɓensa a 1998 da 2004 da 2010, lokacin da hukunce-hukuncensa suke a rubuce ga duk mai son dubawa, kuma an san shi da yawan jan hankalin 'yan'uwansa alƙalai game da bambancin launin fata a harkar shari'a. Ya sauka a 2015 da ya cika shekara 70, kamar yadda dokar jihar ta tanada.

A 2017 aka sa wa wata makarantar midil a Minneapolis sunansa. Shekarar 2018 kuwa ta zo masa da zaƙi da ɗaci: a farkonta ya baje kolin kayayyakin zamanin bauta da na wariyar launi waɗanda shi da matarsa suka daɗe suna tarawa, Diane ta rasu kafin shekarar ta ƙare, sa'an nan a watan Nuwamba Shugaba Donald Trump ya rataya masa lambar 'yanci, wadda ita ce lambar girma mafi daraja da ake ba farar hula a Amurka.

Abin da ƙwallo ya bar masa a jiki shi ne ɗan ƙaramin yatsansa na hagu, wanda ya goce sau da yawa a fili har ya karkace ya tsaya a gicciye. Yaran makarantun da yake ziyarta sukan bar maganar kotu su tambaye shi labarin yatsan, har ta kai shi da 'yarsa Kamie suka rubuta littafin yara a kansa a 2013, kuɗin littafin kuwa aka zuba a gidauniyar.