Ciwon Ƙullutun Fatar Shanu: Ƙuda Ke Kai Shi Maƙwabta, Mu Ke Kai Shi Nesa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, idan damina ta yi tsakiya, Gulbin Maraɗi ya kawo ruwa, tabkin Madarunfa ya cika, kowa murna yake yi. Ciyawa ta samu, bisashe sun murmure. To, a daidai wannan lokaci ne wani ciwo ke samun hanyar shiga garkunanmu. Shi ne ciwon ƙullutun fata, wanda wasu ke kira ƙurajen shanu.

Ga yadda yake somawa. Saniya ta yi zazzaɓi mai zafi, ta daina kiwo, ido na hawaye, hanci na majina, miyau na dalala. Nono ya ja baya ƙwarai. Ba a jima ba sai ƙuraje masu tauri su ɓullo a fata, kewayayyu, wani kamar goro, wani har ya kai ƙwan zabo. An fi ganinsu a wuya, da kai, da hantsa, da maraina, da ƙarƙashin wutsiya. Kaluluwa ta kumbura, ƙafafu su kumbura, dabba ta riƙa ɗingishi. Bayan makonni tsakiyar ƙurjin ta bushe ta faɗi, ta bar rami. A ramin nan ne ƙuda ke zuba ƙwai, tsutsa ta kama.

A wata cibiyar karatun manya da muka kai wa ziyara, wani dattijo ya ce mana ai wannan kirci ne. Ba kirci ba ne, ko da yake dukansu sun fi tashi da damina. Kirci ɓawo yake yi, ya haɗe gashi wuri guda, kuma allurar likita tana warkar da shi. Ƙullutu kuwa daga cikin fata yake tasowa, kuma babu allurar da ke kashe ƙwayarsa. Dangin ƙwayar da ke kawo ƙuraje ga tumaki da awaki ce, amma ita shanu take kamawa. Ba ta kama mutum.

Ciwon ba ɗan ƙasarmu ba ne. A Zambiya aka fara ganinsa a 1929. Ya yi ɓarna mai yawa a Afirka ta Kudu a shekarun 1940, ya kai Kenya a 1957. A farkon shekarun 1970 ya biyo ta Sudan ya yo yamma, a 1974 kuwa yana Najeriya. Ya shiga Masar a 1988, Turkiyya a 2013, Indiya da Sin a 2019. A 2025 ya ɓulla a Italiya da Faransa, inda a Faransa hukuma ta riƙa kashe garke sukutum idan an sami ciwon a cikinsa. Kowa ya san ƙuda bai iya tashi daga Zambiya ya sauka Indiya. Wannan shi ne abin da muke so mai karatu ya tsaya ya duba.

Tsakanin garke da garke, ƙwari masu shan jini ne ke ɗaukar ciwon: ƙudaje masu cizo, da sauro, da kaska. Ƙuda ya ciji saniya marar lafiya, aka kore shi da wutsiya kafin ya ƙoshi, sai ya faɗa kan ta kusa da ƙwayar cutar a bakinsa. Shi ya sa ciwon ke ƙaruwa daga tsakiyar damina zuwa kaka, ya lafa idan sanyin hunturu ya kashe ƙwari. Shi ya sa kuma ya fi son wuri mai dausayi. Mu a gundumar Madarunfa abin da Allah ya albarkace mu da shi, shi ne abin da ƙwarin ke so: bakin tabki, fadamun gulbi, magudanan noman rani na Jiratawa, da inuwar dajin Baban Rafi. Inda garkuna goma ke shan ruwa a mashaya guda, idan ɗaya na da ciwon, sauran tara suna cikin haɗari. Haka turke mai caɓi, wanda kashin shanu da ruɓaɓɓiyar ciyawa suka taru a cikinsa, nan ƙuda mai cizo ke hayayyafa.

Tafiya mai nisa kuwa, mu ke yi masa ita. Dabba na iya ɗauke da ciwon har mako huɗu kafin ƙurji ko ɗaya ya fito, wata ma ba za ta taɓa nuna alama ba. Mutum ya sayi bijimi a kasuwa, ya duba haƙori, ya shafa tozo, ya ga lafiya lau. Ya kawo shi gida ya ɗaure kusa da shanun huɗarsa. Hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ta Ɗan Isa ba ta rabuwa da motocin bisashe, ga kuma garkunan da ke hawa arewa da damina su gangaro da kaka. Ba mu ce a daina ciniki ko a tare burtali ba. Abin da muke cewa, sabuwar dabba ta yi kwana 28 a turke dabam, nesa da sauran, kafin a haɗa su.

Akwai wata hanya da ba mu cika kulawa da ita ba: allura. Mai sayen magani a kasuwa ya bi garke da tsinken allura guda, daga marar lafiya zuwa mai lafiya, aikin ƙuda ya yi da hannunsa. Bijimin barbara ma yana iya ɗauke da ƙwayar a maniyyinsa bayan ya warke.

Ba kowace dabba ke shan wuya daidai ba. Maruƙa, da saniya mai tsakiyar tatsa, da ramammiya sun fi jin jiki. Shanun Turai masu siririyar fata da ƴaƴan da aka haɗa da su sun fi namu na gida saurin faɗuwa. Waɗanda ciwon ke kashewa ba su cika kai 10 cikin 100 ba, shi ya sa wasu ke raina shi. Amma a tambayi wanda sansa ya kwanta ana tsakiyar huɗa, ko lokacin jan amalanken gero. A tambayi matar da ƙwaryar nononta ta bushe, ko mahaucin da dillalin fata ya mayar masa da kirgi saboda huji. Saniya mai ciki kan yi ɓari, bijimi kan daina bayar da ciki na wani lokaci, wani har abada.

Rigakafi akwai shi, allura ce sau ɗaya a shekara. Sai dai tana buƙatar kamar mako uku kafin ta kama jiki, don haka da bazara ya kamata a yi ta, kafin ruwa ya sauka. A kula: lambar ciwon huhu da ake yi wa shanu ba ta tsare su daga wannan. Kowane ciwo da tasa allura, sai a tambayi ma'aikacin kiwo na gari.

Wanda ya ga ƙurajen a garkensa, ya ware dabbar a inuwa, ya kai mata ruwa da abinci mai laushi har turke, ya riƙa wanke gyambon yana kore ƙuda. Kada ya kai ta mashaya, kada ya kai ta kasuwa. Ya sanar da likitan dabbobi da maƙwabtansa tun ranar.