Ƙiyayyar Yahudawa: Tsohon Zargi Cikin Sabuwar Riga



Wanda ya tsaya gindin Hasumiyar Gobarau a nan Katsina, da wuya ya rasa jin sunan Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, malamin Tilimsan da ya zo ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 15, ya karantar a Katsina da Kano, ya kuma rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafin nasiha kan mulki. Amma akwai wani babi na tarihinsa da ba kasafai muke buɗewa ba.

Kafin zuwansa ya zauna a Tuwat, wani zango na fatake cikin Sahara, inda Yahudawa suka daɗe suna ciniki da ƙirar zinariya. Shaihun ya yi fatawa cewa sun saɓa sharuɗɗan amana, don haka a rushe wurin ibadarsu na garin Tamandit. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ƙi yarda, aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis tambaya, suka rabu biyu. Wajen shekarar 1492 aka rushe ginin, aka kashe wasu, saura suka watse. A lura, gardamar ta fiƙihu ce, kuma tun a lokacin akwai malaman da suka tsaya wa Yahudawan.

A Turai kuwa abin ya ɗauki wata kama. A garin Norwich na Ingila, bayan mutuwar wani yaro a 1144, aka ƙaga cewa Yahudawa na kashe 'ya'yan Kirista don tsafi. A 1215 babban taron Cocin Katolika a Rum ya wajabta musu sutura ta daban. Ingila ta kore su a 1290, Sifen a 1492. Da annoba ta ɓarke a 1348, sai aka ce su suka zuba guba a rijiyoyi.

Waɗannan zarge-zarge ba su mutu ba, riga kawai suka canza. A 1840 ƙagen jini ya ɓulla a Dimashƙa, kuma ƙaramin jakadan Faransa na cikin masu rura wutarsa. A 1903 aka buga a Rasha wata takardar jabu mai cewa dattawan Yahudawa sun ƙulla makircin mallake duniya. Jaridar The Times ta Landan ta tona asirinta a 1921, amma har yau tana yawo cikin harsuna da dama. Mai guba a rijiya shi ne ya koma mai juya bankunan duniya. A 1941 gwamnatin Hitila ta tilasta wa Yahudawan Jamus liƙa tauraro rawaya a ƙirji, jikan dokar 1215 ke nan. Ƙarshen wannan hanya shi ne kisan Yahudawa kimanin miliyan shida.

To, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne, a yau za ka ji an zagi mutum da "Bayahude" daga bakin wanda bai taɓa ganin Bayahude ba. Sukar abin da wata gwamnati ta aikata hakkin kowa ne, amma ɗora wa al'umma ɗungurungum laifin da aka ƙaga shekaru ɗari takwas da suka shige zalunci ne. Aikin ɗalibi, in labari ya iso kunnensa, ya tambayi asalinsa kafin ya ƙara da shi gaba.