Matsattsen katako: abin da azarar giginya ke koya wa injiniyoyi

Duk maginin da ke Filinge ya san cewa ƙarfin soro yana ga azararsa. Idan ta lanƙwashe da damina, rufi ya tafi. Sai dai azarar giginya, irin wadda ake kawowa daga yankin Gaya, ta yi tsada, kuma dokar gandun daji ta 2004 ta ɗaure saran itatuwa barkatai. Wannan damuwa ba sabuwa ba ce a ƙasar Kurfai: tun 1980 ƙungiyar Development Workshop ta fara koyar da gini ba tare da itace ba a garin Shikal. A ƙasashen Turai kuwa, wata hanya dabam aka bi, wato ƙara wa katako marar ƙarfi ƙarfi.

Mene ne katako mai hawa-hawa?

A shekarun 1990 aka ƙirƙiro shi a Ostiriya da Jamus, ana kuma kiransa CLT. Ana shimfiɗa alluna a jere, a shafa gam, a ɗora wasu a gicciye, har hawa uku, biyar ko bakwai, sannan a danne su su zama fale guda. Da shi ake yin bango da daɓen benaye. Ginin Ascent na birnin Milwaukee a Amurka, mai hawa 25, wanda aka kammala a 2022, da irinsa aka yi daɓensa.

Ina rauninsa yake?

A allunan tsakiya da aka gicciya. Katako tamkar damin karan gero ne: in an ja shi ta tsawo, da wuya ya tsinke. Amma a shimfiɗa kara a ƙasa, a ɗora allo a kai a tura, sai karan ya mirgina. Haka zaren katako yake yi. Idan nauyi ya hau falen, hawan sama da na ƙasa suna neman zamewa, kowane ya nufi gefensa, sai zaren allon tsakiya ya mirgine ya tsage. Ta wannan fuska, taurin katako bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na taurinsa ta tsawo ba.

Me matsewa ke canjawa?

Cikin katako cike yake da ƙananan ramuka. Ana gasa allo da zafin da ya kai digiri 150 zuwa 200, a danne shi da inji har ramukan su rufe. Katakon da nauyinsa yake kilo 450 a kowace mita kubik yana iya haura kilo 1000. A 2018, masu bincike a Jami'ar Maryland sun nuna cewa bayan jiƙa katako a sinadari da matse shi, ƙarfinsa ya ninka fiye da sau goma.

Idan aka sa matsattsen allo a tsakiya, zaren ba ya samun wurin mirginawa, don haka falen yana ƙara jure zamewa. Giginya ma haka take: bayanta mai cunkoson zare shi ne azara, cikinta mai laushi kuwa ba ya ɗaukar rufi.

Amma akwai iyaka. Matsewar da ta wuce kima tana farfasa zaren. Gam ba ya shiga allon da ramukansa suka toshe, sai tsagewar ta koma wurin haɗi. Babbar matsalar ita ce laima: matsattsen katako yana kumbura ya nemi komawa yadda yake in ya sha ruwa, sai an daɗe ana gasa shi ko an sa masa magani.

Me ya shafi Kurfayawa?

Injinan wannan aiki na manyan masana'antu ne, kuma gara da ruwan Agusta ba su san sunan kamfani ba. Darasin dai na kowa ne. Mai sayen azara ko katako ya ɗaga ya ji nauyinsa, ya duba cunkoson zarensa, ya guji mai farin ciki mai laushi. Kafinta kuma ya tuna cewa allon da aka gicciya shi ne ke fara gazawa, kuma rufin da ke yoyo yana cin ƙarfin kowane irin itace.