Ilmin da ke Ƙunshe Cikin Abin da Aka Ƙera

Bari mu fara da randa, irin wadda ake kasawa a kasuwar Wudil ran Juma'a. Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili kuwa shi ne ruwa yakan tsattsafo ta ƙananan kafofin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Mai ginin tukwane ba ta taɓa rubuta wannan bayani ba, amma yana nan cikin kaurin randar da irin gashin da ta yi mata. Wato randar kanta ma'ajiyar ilmi ce, sai dai bebiya ce.

Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya gane ƙa'idar, ya sa tukunya cikin tukunya, ya zuba jiƙaƙƙen yashi tsakaninsu, sai ga tumatir da gauta suna kwanaki ba su lalace ba. Wannan ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. A ganina, muhimmin abin da ya yi shi ne raba ƙa'ida da randa, har ta yi wani aiki dabam.

Masu binciken tsarin sarrafa bayanai a kan wannan turba suke. Herbert Simon ya nuna a 1969 cewa abin da ɗan Adam ya ƙera ya cancanci kimiyya tasa ta kansa. A 2004 Alan Hevner da abokan aikinsa suka ƙara da cewa gina manhaja bincike ne, muddin an gwada ta, an kuma bayyana abin da aka koya.

To, mu ɗauka ɗalibi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke nan Wudil ya shirya manhajar rajistar cinikin shanu a kara. Kowane gurbi da ya buɗe, magana ce ya yi game da kasuwar. In ya sa gurbin mai saye da na mai sayarwa kaɗai, ya ce ke nan su biyu suke ƙulla ciniki, alhali kuwa dillali ne ke tsakani, shi ke karɓar la'ada, shi ake nema in saniya ta zama ta sata. Ran da aka zo cigiya, magatakarda zai duba rajistar daga sama har ƙasa, ba zai sami sunan wanda ya tsaya wa cinikin ba.