Daga Maraɗi zuwa Kano: Yadda malaman Faransanci ƴan Nijar ke sabawa da sabon gari

Ranar farko da malami ɗan Nijar ya shiga aji a Kano, sunansa ne ke fara canjawa. A Maraɗi ko Damagaram yara "mushe" suke ce masa, kuma girmamawa ce da aka aro daga Faransanci. A Kano kuwa mushe dabba ce da ta mutu ba a yanka ba. Don haka tun kafin ya ɗauki alli ya koma "malam", ko "ankul" kamar yadda yaran makarantun kuɗi ke kiran malamansu maza.

Matasan Nijar sun daɗe suna tsallaka iyaka domin koyar da Faransanci a makarantu masu zaman kansu na Kano da Katsina. Masu fitowa daga Maraɗi kan bi ta Ɗan Isa da Jibiya, na Damagaram kuma su bi ta Matamaye da Daura. Tafiyar yini ɗaya ce, harshe ɗaya, addini ɗaya. Wannan ne ke sa sabon zuwa ya ɗauka gida ya bari ya zo gida, har sai ya fara neman wurin kwana.

Me ya sa ake neman su?

A 1996 ne shugaban mulkin sojan Najeriya na lokacin, Janar Sani Abacha, ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, daga baya aka shigar da shi cikin manufar ilimi ta ƙasar. Ƙasashen da suka kewaye Najeriya ta ƙasa, wato Nijar da Benin da Kamaru da Chadi, duka suna aiki da Faransanci. Najeriya na da cibiyar koyon harshen a Badagry tun 1991, ga kuma Alliance Française a Kano. Duk da haka mai makaranta ya san darajar malamin da ya yi karatunsa kaf cikin Faransanci tun daga firamare har zuwa BAC, kuma yake jin Hausa kamar iyayen yara.

Haya ta shekara

Jarrabawar farko ita ce ɗaki. A Nijar an saba biyan haya wata-wata. A Kano mai gida kuɗin shekara yake nema gaba ɗaya, ga la'adar dillali a kai, alhali sabon malami bai karɓi ko albashin wata guda ba. Shi ya sa da yawa ke fara raɓewa wajen ɗan'uwa ko ɗan garinsu, wani ma a shago yake shimfiɗa tabarmarsa har ya tara abin kama ɗaki.

Sai zaɓen unguwa. Ɗaki mai sauƙin kuɗi a Kurna ko Dorayi na iya zama mai tsada idan makarantar tana Hotoro ko Nasarawa, domin kullum sai an shiga adaidaita sahu biyu ko uku. Wanda ya saba tare kabu-kabu a ƙofar gida zai tarar cewa tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano. Tsofaffin hannu kan shawarci sabon zuwa da ya lissafa kuɗin mota na wata kafin ya ba dillali ko sisi.

Aji da harsuna uku

A makaranta ma akwai sabon karatu. Shekarar karatu a Najeriya a watan Satumba take farawa, ba Oktoba ba. Makin da malam ya saba bayarwa bisa 20 yanzu bisa 100 ne. BAC ta ba da wuri ga jarrabawar WAEC da NECO. Shirin darasi kuma a tsarin Ingilishi ake rubuta shi, a kai wa shugaban makaranta ya sa hannu.

Ingilishin nan shi ne babban tarnaƙi. Da shi ake taron malamai, da shi ake cika takardar sakamakon yara. Hausa ce gadar da ta fi kusa tsakanin malam da ɗalibansa, amma wasu makarantun kuɗi sun hana magana da ita a aji, domin iyaye Turanci suka biya a koya wa ƴaƴansu. Sai ka ga malam yana koyar da harshe ɗaya da safe, da dare yana koyon wani a wayarsa.

Hausar ma sai an sake mata zama. Lakwal ta zama makaranta, kaye ya zama littafin rubutu, lissafin dala da jika bai da amfani wajen mai kayan miya. Idan malam ya ce "lahiya lau", yara kan yi murmushi, sun gane daga inda ya fito.

Albashi a naira, iyali a sefa

Abin da ya fi hana waɗannan malamai barci shi ne canji. Kuɗin sefa a ɗaure yake da yuro, a kan 655.957. Naira kuwa an sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023, lokacin da farashin hukuma ke wajen 460 a dala ɗaya ta Amurka. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Malamin da albashinsa bai motsa ba ya wayi gari abin da yake aika wa mahaifiya a Tasawa ko Mirriya ya zaftare, ba tare da ya rage ko awa guda ta aiki ba.

A watan Yulin 2024 Najeriya ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, sai dai dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantu da yawa a nan suke. Mafita ga mafi yawan malamai ita ce darasin yamma a gidajen masu hali, ko raba mako tsakanin makarantu biyu.

Maganar takardu

Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan ƙasa memba damar shiga wata ƙasar ya zauna kwana 90 ba biza, bayan nan ya nemi katin zama. Nijar ta fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. A ranar CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga da zama, har sai an sanar da wani sabon mataki. Ma'ana, damar tana nan amma ta wucin gadi ce. Waɗanda rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya rutsa da su, har zuwa buɗe ta a Maris 2024, sun san abin da siyasa ke iya yi wa hanyar gida.

Saboda haka mai shirin tafiya ya riƙe takardun karatunsa na asali, ya yi rajista a ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano, ya nemi katin zama daga hukumar shige da fice. Layin waya da asusun banki na buƙatar lambar shaida ta NIN. Hukumar rajistar malamai ta TRCN ce ke ba da lasisin koyarwa a Najeriya. Sannan kada ya fara aiki da alkawarin baki: a rubuta albashi, a rubuta ko ana biya lokacin hutu, domin akwai makarantun da ba sa biya.

Inda ake samun gida

Abin da ke sauƙaƙa baƙunta shi ne Kano cike take da ƴan Nijar, daga ƴan kasuwar Kwari da Dawanau har zuwa masu shayi da ƴan garuwa. Fadar da malam ya baro a unguwarsu, a nan majalisa ake ce mata. Da ya samu wadda ake ɗora buta a kan gawayi bayan sallar isha'i, to ya samu mai nuna masa ɗakin haya, da ɗan canji mai amana, da direban tashar Ƙofar Ruwa da zai kai saƙo gida.

 Yawanci kafin hutun zangon farko malam ya iya cinikin adaidaita sahu, ya san inda ake gurasa mai kyau. Tambayar da ke jiran sa a ƙarshen shekara, lokacin da mai gida zai aiko neman sabuwar haya, ita ce ko abin da ya rage a hannunsa bayan canji ya kai ya sake zama, ko kuwa ya tattara kayansa ya koma neman aikin kwantaragi a gida.