Yadda Aka Kori Kurkunu Daga Hanyar Fatake

Tsofaffin fatake a nan Zangon Kwatano ba su manta da kurkunu ba. Mutum ya koro shanu daga Gaya, ya biyo ta Malanville da Kandi, ƙishirwa ta sa ya sha ruwan tafki, sai bayan shekara guda tsutsa ta ɓullo masa a ƙafa. Shi ke nan, sai kwanciya wata da watanni, fatauci ya tsaya cik.

To, ina kurkunu yau? A 1986 Cibiyar Carter, wadda tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya kafa, ta ɗaura yaƙi da shi. Lokacin ana ƙiyasin mutum miliyan 3 da rabi ke kamuwa a shekara. Ƙidayar farko a Nijeriya, ta 1988 zuwa 1989, ta gano sama da 650,000.

Abin lura, cutar ba ta da allura, ba ta da magani, kuma cibiyar ba ta yi gaban kanta ba. Ta kawo kuɗi da masana da ƙyallen tace ruwa, ma'aikatun lafiya suka ba da ma'aikata, masu gari suka zaɓi mai kai rahoto a kowane ƙauye. Janar Yakubu Gowon da kansa ya riƙa bin gwamnoni da sarakuna don a haƙa rijiyoyin burtsatse. Ƙasashe kuma suka riƙa sanar da juna, domin kuwa kurkunu ba ya nuna fasfo a kan iyaka. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Benin ta rabu da shi, Nijar da Nijeriya suka biyo baya a 2013.

Jama'a, mu ma akwai masu hannu da shuni a cikinmu da ke haƙa rijiya a kara ko a burtali don sadaka. Madalla. Amma famfon da ba a damƙa wa hukumar gari ba, ranar da ya lalace wa zai gyara? Kafin a sa diga, a zauna da magajin gari da likitan dabbobi da sarkin zango, a rubuta wanda zai karɓi kuɗin shayarwa, da wanda zai sayi kayan gyara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya sa mu dace, ya kiyaye mana hanya.