Zaƙami: Tsiron Da Ke Raba Mutum Da Kansa

Da zarar damina ta kankama a birnin Katsina, akwai wani tsiro da yakan fito a kan juji da kangon gidaje da kufan ganuwa ba tare da kowa ya shuka shi ba. Furensa yana kama da kakaki, 'ya'yansa kuwa ƙaya gare su, ko awaki ba su cika kula shi ba. Wannan shi ne zaƙami, wanda wasu ke kira babba-jibji, wasu kuma haukata-yaro. Sunan nan na ƙarshe ba a banza aka raɗa masa ba, gama samari kan jiƙa ƙwayoyinsa su sha don neman maye, wani lokaci ma a zuba wa wanda bai sani ba a cikin abin sha wajen biki.

Kafin a gane irin ɓarnar da yake yi, sai an dubi wasu magunguna masu juya hankali da Turawa suka daɗe suna bincike a kansu. A cikin 1943 wani masanin haɗa magunguna na ƙasar Suwizalan, Albert Hofmann, ya gano cewa ɗan mitsitsin maganin da ake kira LSD yana sa mutum ya ga launuka da siffofi suna sauyawa, har ya ji kamar babu iyaka tsakaninsa da abin da ke kewaye da shi. LSD da silosaibin, wato sinadarin da ke cikin wani irin naman kaza, suna kwaikwayon wani ɗan aike na ƙwaƙwalwa mai suna serotonin, su kama wuraren da yakan sauka.

A cikin 2012 da kuma 2016 Dr. Robin Carhart-Harris da abokan aikinsa na Kwalejin Imperial da ke Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar waɗanda aka ba waɗannan magunguna. Suka tarar cewa sassan da kan yi aiki tare sa'ad da mutum ya zauna shiru yana tunanin kansa, da jiyansa da gobensa, sun daina tafiya baki ɗaya. Gwargwadon yadda wannan haɗin kai ya warware, gwargwadon yadda mutumin ke cewa ya ji kansa ya narke. Ashe dai abin nan da kowa ke kira "ni" aiki ne da ƙwaƙwalwa ke yi dare da rana, kuma ana iya katse shi. Amma galibin masu shan waɗannan sukan san cewa magani ne ke aiki a jikinsu, bayan sun dawo kuma su ba da labarin abin da suka gani.

To, zaƙami ba haka yake ba. Sinadaran da ke cikinsa, irin su atirofin da sikofolamin, wani ɗan aiken suke tare wa hanya, wato asetilkolin, wanda da shi ƙwaƙwalwa ke mai da hankali, da shi take adana abin da ya faru. Saboda haka wanda ya sha bai san ya bugu ba. Sai a gan shi yana hira da mutanen da ba su nan, yana tsintar abin da babu a jikin rigarsa, ya dubi mahaifiyarsa bai gane ta ba. Yakan yi kwana ɗaya ko biyu a haka, in ya farfaɗo kuwa ba ya tuna kome, sai dai a ba shi labarin abin kunyar da ya tafka.

Jiki ma ba ya tsira. Baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya ta yi ta bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita, gumi ya ɗauke. A gari kamar Katsina, inda zafin bazara kan kai digiri 40, ɗaukewar gumi kaɗai ta isa ta halaka mutum. Har ila yau ƙarfin dafin ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, don haka abin da wani ya sha jiya ya tashi, shi zai kwantar da abokinsa yau.

Tun daga 1 ga Yuli, 2023, ƙasar Ostireliya ta yarda wa wasu likitocin ƙwaƙwalwa su ba da silosaibin ga masu ciwon damuwa da ya gagari magani, da awo kuma a gaban likita. Matashin da ya ji wannan labari ya zaci har da zaƙami, ya yi mummunar fahimta.

Abin da ya fi damuwa shi ne jinkiri. Iyaye da yawa in sun ga yaro yana sambatu sai su ce iska ce ta buge shi, a shiga neman turare, alhali a asibiti ana iya sanyaya jikinsa, a ƙara masa ruwa, a lura da zuciyarsa har dafin ya fita. Abokan da suka san abin da ya sha kuwa sau da yawa tsoro kan sa su yi gum. Hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 tana iya tare ƙwayoyi a kan iyakar Jibiya, amma zaƙami ba ya ratsa kan iyaka, a bayan gida yake fitowa.